A daina kiran masu ciwon endometiriyosis ragwaye, a kuma daina kwantar da su

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira ya kuma ɗaukaka jaridar nan tamu. Don Allah ina roƙon a ɗan sam min fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana cin raina, kuma na san ba ni kaɗai ba ce, akwai mata da yawa a nan Jos da sauran garuruwa da suke cikin irin halin da nake ciki amma kunya da gudun surutun mutane sun hana su buɗe baki. Maganar ciwon endometiriyosis ce, wanda mu masu shi muke taƙaitawa mu ce endo, da kuma yadda mace za ta ci gaba da motsa jikinta tana ɗauke da shi.

Ga wanda bai taɓa jin labarinsa ba, akwai wata shimfiɗa mai laushi a cikin mahaifa wadda take yin kauri duk wata sannan ta zube ta zama jinin al'ada, toh a jikin mai endo sai a samu wani nama mai kama da wannan shimfiɗar ya tsiro a wajen mahaifa, a kan ma'ajiyar ƙwai ko bututun da ƙwai ke bi ko bayan mahaifa ko jikin hanji da mafitsara, wani lokacin ma har can sama wajen huhu duk da dai wannan ba kasafai ba. Shi ma naman nan yana amsa kiran isturojin, wato homon ko sinadarin jikin mace da ke sa shimfiɗar mahaifa yin kauri, idan lokacin al'ada ya yi sai ya kumbura ya yi jini, jinin kuma ba shi da ƙofar fita, sai wurin ya yi ta ƙuna ya bar tabo, tabon ya zo ya manne kayan ciki da junansu. Daga nan ne ake samun ciwon mara mai sa mace birgima a ƙasa, da zafi wajen bayan gida ko fitsari, da zafi lokacin kwanciyar aure, da kumburin ciki da gajiyar da barci ba ya kore ta, wasu kuma haihuwa ta yi musu wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na da shi, wato wajen mata da 'yan mata miliyan 190 a duniya, kuma har yau ba a samo maganin da ke raba mace da shi kwata-kwata ba, sai dai a rage mishi ƙarfi da magungunan ciwo da na homon ko a yi tiyata a cire abun da ya tsiro. Ka lissafa Malam Edita, ajin 'yan mata 50 a sakandare ana iya samun 5 a ciki, kuma da yawansu za su yi shekaru ana ce musu ciwon sanyi ne suna shan antibayotik kala-kala, ko a ce shafar aljanu ce, ko a ce su yi haƙuri in sun yi aure sun haihu zai tafi, wanda wannan ba gaskiya ba ne, ciki yana iya sa ciwon ya lafa na ɗan lokaci amma ba ya warkar da shi.

Abun da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutun shi ne mai endo a garinmu tana tsakanin mutane iri biyu kuma dukkansu suna cutar da ita ba tare da sun sani ba. Akwai masu cewa ai ragwanta ce da son jiki, kowace mace tana al'ada, tashi ki yi wanki ki yi daka jini ya gudu, sannan akwai masu tausayi waɗanda da zarar an ce musu likita ya gano ciwo shikenan sai su ce kwanta, kar ki ɗaga ko kofi, kar ki hau tudu, kar ki yi doguwar tafiya kar mahaifarki ta sauka. Na farkon suna jefa mace cikin azaba, na biyun kuma suna mayar da ita majinyaciyar dindindin tun tana da ƙuruciyarta, wata ma da karatunta da sana'arta sai ka ga ta ajiye komai ta koma ɗaki da robar ruwan zafi a mara, kuma wallahi zaman ɗakin nan yana da nashi ciwon daban.

Bari in faɗi gaskiyar da masu tallan jim, wato gidan motsa jiki na kuɗi, da masu sayar da shayin rage tumbi a Instagram ba za su faɗa ba, motsa jiki ba ya kashe naman endo, ba ya narkar da ƙullin da ya fito a ma'ajiyar ƙwai, ba ya raba hanjin da ya manne. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai a ƙa'idojin da ta fitar kan endo a 2022 ta ce hujjojin da ake da su ba su kai a ce ga takamaiman atisaye ko abinci da ke rage ciwon ba, amma ta ce likita ya riƙa tattaunawa da mara lafiya kan hanyoyin da ba na magani ba don rayuwarta ta yi sauƙi. A ɓangaren ciwon mara na al'ada wanda ba endo ya kawo shi ba kuwa, wani babban nazari na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana tantancewa, a 2019 ya nuna motsa jiki na minti 45 zuwa 60 sau uku ko fiye a sati yana iya rage zafin sosai. Don haka duk wanda ya ce miki ki ajiye maganin likita ki kama atisaye ko ki sayi wani haɗi nashi, ki yi nesa da shi, kuɗinki yake so.

Toh in ba ya warkarwa me ya sa nake ta nacin a motsa? Saboda ciwon da ya daɗe a jiki ba ya tsayawa inda ya fara. Mace in ta saba da jin zafi a mara jikinta da kanshi yake koyon ƙanƙamewa, naman ciki da na ƙugu da na cinya da na ƙasan mara duk su ɗaure suna jiran zafi, tafiyarta ma ta canza ta riƙa takawa a ɗan sunkuye, barcinta a dunƙule, bayan wani lokaci sai ciwon baya da na ƙugu su shigo waɗanda ba naman endo ne ya kawo su kai tsaye ba, ƙanƙamewar ce. Sannan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ƙwaƙwalwa idan aka daɗe ana dukansu sai su zama masu saurin ɗauka, abun da bai kai ya yi zafi ba ya riƙa yi, shi ya sa wata an yi mata tiyata an cire abun amma ciwon bai gama tafiya ba. Ga kuma rashin motsi yana kawo taurin bayan gida, mai endo kuwa ta san abun da taurin bayan gida yake nufi, yunƙuri ɗaya sai hawaye. Ga barci da ya lalace, ga damuwa da ƙunci da suke zuwa tare da duk ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Waɗannan duka motsi yana taɓa su, tattaki yana motsa hanji, miƙa jiki yana sassauta naman da ya ɗaure, jiki yana fitar da sinadaran da ke rage zafi da kwantar da rai, barci yana gyaruwa, kuma abun da ni na fi ji a raina shi ne mace tana dawo da yarda da jikinta, ta daina ganinshi a matsayin abokin gaba da kullum sai dai ya ba ta kunya a cikin mutane.

Akwai kuma maganar ƙashi wadda ban cika jin ana yi mana bayaninta ba. Wasu alluran da ake yi wa masu endo irin su Zoladex suna sauke isturojin ƙasa sosai har mace ta shiga yanayi irin na wadda ta daina al'ada, da zufa da jin zafi a jiki, kuma in an daɗe ana yi ƙashi yana rage ƙwari, shi ya sa likitoci ba sa barin mace a kai na dogon lokaci ba tare da ƙarin wani magani ba, haka ma allurar Depo ta wata uku-uku tana iya rage ƙwarin ƙashi. Ƙashi kuwa sai ana ɗora mishi nauyi yake riƙe ƙarfinshi, wato tafiya da ƙafa da hawa bene da ɗaga ɗan abu mai matsakaicin nauyi. Kin ga ke nan wadda take kan irin allurar nan aka kuma ce ta kwanta kar ta motsa an haɗa mata abu biyu.

Yanzu yaya ake yi, don nan ne gizo ke saƙar. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, da atisayen ƙarfafa nama kwana 2 ko fiye, amma a cikin shawarar sun faɗa ƙarara cewa kaɗan ya fi babu, kuma mai fama da ciwo ya fara da kaɗan ya riƙa ƙarawa. Matsakaici ɗin shi ne kina tafiya numfashinki ya ɗan ɗaga, za ki iya hira da ta kusa da ke amma ba za ki iya rera waƙa ba. Mai endo ba za ta iya raba minti 150 ɗin nan daidai wa daida kowane sati ba, don watanmu ba ɗaya yake ba, akwai kwanakin da jiki ke sakewa galibi bayan an yi wanka, akwai na tsakiyar wata lokacin fitar ƙwai da wasu ke jin suka a gefe ɗaya, akwai na gab da zuwan jini da ciki ke kumbura har zani ya ƙi ɗauruwa mutane suna yi miki barka wai ciki ne, sannan ga kwanakin jinin kansu. Abun da ya fi shi ne mace ta samu ɗan littafi ko ta buɗe wuri a wayarta ta riƙa rubuta ranar wata da yadda ciwon yake da abun da ta yi a ranar, cikin 'yan watanni za ta ga tsarin nata jikin, kuma littafin nan yana taimakon likita fiye da dogon bayani da baki.

Babban tarkon shi ne ranar da aka tashi da sauƙi. Ranar nan mace ji take kamar ta rama duk abun da ya wuce ta, ta yi wankin sati biyu, ta goge gida, ta je Terminus ta zagaye kasuwa da kaya niƙi-niƙi, da yamma kuma ta ce bari ta yi tsallen igiya tunda ta ga wata na yi a TikTok, washegari sai kwanciya ta kwana da kwanaki, daga nan ta yanke hukunci cewa motsa jiki ne ba ya karɓarta. Ƙarfin mai endo kamar kuɗin cefanen wata ne, in kika kashe shi duka ranar da aka ba ki sauran kwanakin sai an ji jiki. Ki tsaya tun kina jin da saura. In minti goma kike iya yi ba tare da ciwo ya tashi washegari ba toh minti goman nan shi ne naki, ki riƙe shi har jiki ya saba sannan ki ƙara biyu ko uku, in kuma kika ga ciwon ya ƙaru ya kwana ya wuni bai sauka ba kin wuce gona da iri ke nan, ki koma baya kaɗan amma kar ki ajiye gaba ɗaya.

Ranakun ciwo ma akwai abun yi in dai ba irin ciwon da ke sa amai da suma ba ne. Ki kwanta rigingine ki ɗora hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, ki ja numfashi ta hanci a hankali har cikin ya taso ƙirjin bai motsa sosai ba, ki sake shi a hankali ta baki, wannan numfashin yana sassauta naman ƙasan mara don shi da tantanin numfashi da ke tsakanin ƙirji da ciki tare suke aiki. Ko ki durƙusa ki mayar da mazaunanki kan dugaduganki ki buɗa gwiwa kaɗan ki miƙa hannu gaba goshi a kan filo, ko ki kwanta ki jawo gwiwoyi zuwa ƙirji ki ɗan riƙa lilo hagu da dama, ko ki jingina ƙafafu a bango ki bar su a sama na 'yan mintuna. In an ɗan samu sarari a zagaya tsakar gida ko da sau kaɗan ne. Ruwan ɗumi a mara kafin a fara yana taimakawa, amma don Allah a riƙa naɗe robar da tawul, na ga mata da fatar mararsu ta yi baƙi ta yi zane-zane saboda ƙunar ruwan zafi na shekara da shekaru. A ranakun sauƙi kuma sai a ƙara da tashi-zauna a kan kujera, da tura bango da hannu biyu, da ɗaga robar ruwa a kowane hannu, da kwanciya rigingine a ɗaga ƙugu sama a sauke, ba sai an biya kuɗin jim ba. Gudu mai ƙarfi da tsalle-tsalle da atisayen nan na naɗe ciki don tumbi ya faɗa su ne suka fi tayar wa da yawanmu ciwo, keke ma wasu sirdin yana danne musu inda ke ciwo, amma akwai waɗanda suke yi lafiya lau, kowa ta saurari nata jikin, jiki magayi.

Wani abu da nake so matan aure su ji da kyau, atisayen matse gaba da ake ta yaɗawa a guruf-guruf na mata a WhatsApp a matsayin gyaran jiki ba kowace mace ya dace da ita ba. Mai endo sau da yawa naman wurin a ɗaure yake dama, matsalarta ita ce ya ƙi sakewa, shi ya sa take jin zafi lokacin kwanciya da wajen bayan gida, in ta ƙara matse shi sau ɗari a rana ƙara wa kanta ciwo take yi. Abun da take buƙata shi ne koyon sakin wurin, kuma akwai likitocin gashin ƙashi da suka karanci wannan ɓangaren na mata musamman, ki tambayi likitanki ko zai tura ki sashensu da ake kira fisiyo. Haka ma bel ɗin matse ciki, cikin da ya kumbura saboda endo ba kitse ba ne, ɗaure shi tamau sai ƙarin azaba da hana numfashi sauka.

Sai masu cewa ai aikin gida ma motsa jiki ne me za ki fita nema. Eh motsi ne ban musa ba, amma shara a sunkuye da guntuwar tsintsiya da wanki a tsugune na awa biyu da ɗauko jarkar ruwa mai lita 25 daga bakin rijiya zuwa ɗaki duk a dunƙule ake yinsu mara a matse, kuma ba ke kike zaɓar lokacin farawa da na tsayawa ba, aikin ne ke zaɓa miki. A sa wa tsintsiya doguwar sanda, a ɗora bahon wanki a kan benci, a raba ruwan gida biyu, in akwai yara maza a gidan su ɗauko, wannan ba sangarta ba ce.

Dole kuma in ja kunne a kan wasu alamu da ba a yi musu haƙuri ko a ce bari in miƙe jiki su wuce. Mai ƙulli a ma'ajiyar ƙwai in ta ji wani ciwo mai tsanani ya soke ta farat ɗaya a gefe guda, da amai ko jiri ko zufa mai sanyi, asibiti za a nufa a lokacin ko tsakar dare ne, don ƙullin yana iya fashewa ko ma'ajiyar ƙwan ta murɗe. Wadda kuma take jin ciwon ƙirji ko na kafaɗar dama ko numfashi na yanke mata duk lokacin al'ada, ko tari da jini, ta gaya wa likita ta kuma ambaci cewa da al'ada yake zuwa, 'yar jaridar nan ta Kenya Njambi Koikai wadda ta rasu a 2024 ta yi shekaru tana faɗakar da mutane a kan endo da ya taɓa mata huhu. In kuma kina hawa ɗan tudu sai haki da bugun zuciya da jiri, a auna jininki tukuna, mai zubar da jini da yawa duk wata jininta yana iya yin ƙasa, sai an gyara wannan da magani da abinci irin su hanta da wake da zogale da alayyahu sannan tafiya za ta yi daɗi, kuma a ɗan raba shan shayi da lokacin cin abinci don ganyen shayi yana rage shigar sinadarin ƙarfe jiki. Wadda aka yi wa tiyatar nan ta ƙananan huji da kyamara likitoci suna so ta fara ɗan takawa da wuri don iskar da aka hura mata a ciki ta fita jini kuma kar ya daskare a ƙafa, amma ɗaukar kaya mai nauyi sai likitan da ya yi aikin ya ba da izini. Sannan kar a sha ibuprofen ko diclofenac da cikin wofi don a samu a fita atisaye, gyambon ciki yake kawowa, musamman da azumi, tattakin watan Ramadan ya fi kyau bayan an sha ruwa abinci ya ɗan faɗa.

Mu a Jos Allah ya ba mu abun da 'yan uwanmu na Sakkwato da Maiduguri za su so su samu, gari ne a kan tudu sama da mita 1,200, iska mai sanyi, mace za ta iya tafiya da hijabinta ko mayafinta ba tare da zafi ya galabaitar da ita ba. Sai dai sanyin Disamba da Janairu yana ƙara ɗaure jiki, ni a ganina lokacin hunturu gara a bari rana ta ɗan fito a sa suwaita da safa, a fara a hankali kafin a ɗaga ƙafa, da damina kuma musamman Agusta da ruwa ke wuni yana zuba a yi a falo ko baranda. Hawa da gangara sun yi yawa a unguwanninmu, mai farawa ta nemi shimfiɗaɗɗiyar hanya tukuna, Dutsen Shere yana nan ba inda zai je. Dabara mai sauƙi ita ce ki sauka daga keke napep kafin a kai inda za ki ki ƙarasa da ƙafa, ko ki taka zuwa Islamiyya ko coci ko gidan 'yar uwa maimakon hawa abin hawa. Amma gaskiya babbar matsalar ita ce wuri da idon mutane, mace ta sa takalmin kambas ta fito tana tafiya da sauri a layinmu sai an bi ta da kallo, matasan bakin shago su yi ta magana, wata tsohuwa ta tare ta ta ce lafiya 'yar nan ina za ki haka, ga kuma yanayin tsaro da ya sa ba kowace unguwa mace za ta ratsa ita kaɗai da sassafe ba, duk wanda ya zauna a garin nan ya san abun da nake nufi.

Ga masu ganin kamar motsa jikin mace ya saɓa wa tarbiyya, ya zo a hadisi cewa Nana A'isha Allah ya ƙara mata yarda ta yi tseren gudu da Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam, kuma addinin da ya ce wanda ba zai iya sallah a tsaye ba ya yi a zaune, in ba zai iya ba ya yi a kishingiɗe, ai ya riga ya koya mana cewa ana rage abu daidai ƙarfin jiki ba tare da an bar shi ba. Masu kallon ƙwallo kuma sun san Leah Williamson ta Arsenal, kyaftin ɗin matan Ingila da suka ci kofin Turai a 2022, ita da bakinta ta faɗa cewa tana da endo har ta ji tsoron kar ciwon ya hana ta buga gasar, haka Elinor Barker mai tseren keke da ta ci zinare a gasar Olamfik ta Rio a 2016. Ban kawo su don a ce wa 'yar Gangare ko Rikkos ga wata can tana buga ƙwallo ke me ya hana ki ba, su suna da likitoci da masu kula da su dare da rana, na kawo su ne don a san ko mace mafi ƙarfin jiki ciwon nan yana durƙusar da ita, ba lalaci ke kawo shi ba.

Roƙona ga mazaje, ranar da matarka ta ce ba ta iyawa ka yarda da ita, ranar da ta ce tana so ta ɗan taka kuma ka sa takalminka ka raka ta ko bayan la'asar ne ko bayan isha'i, rakiyar nan ta fi mata tsarabar kilishi. Iyaye mata da surukai don Allah a daina gwada yarinya da wance da take al'ada tana daka, jiki ba ɗaya ba ne. Malaman makarantun 'yan mata, yarinyar da duk wata sai ta yi fashin aji saboda ciwon mara ko take suma a asambuli kar a yi mata horo da tsallen kwaɗo, kar kuma a cire ta daga wasanni gaba ɗaya, a kira iyayenta a ce su kai ta wajen likitan mata.

Ga hukumomi kuma, ina roƙon ma'aikatar wasanni ta jihar Filato ta duba yiwuwar ware wasu awoyi a sati na mata zalla a filin wasa na Rwang Pam da mata masu koyarwa, makarantun gwamnati masu katanga su ma a buɗe filayensu ga matan unguwa ranar Asabar da safe, shugabannin Islamiyyu da na zumuntar mata a coci-coci su haɗa ƙananan rukunin tattaki tunda dama mata suna taruwa a wurinsu kuma mazaje sun yarda da su. Manyan asibitocinmu irin su asibitin koyarwa na Jami'ar Jos wato JUTH da asibitin ƙwararru na jiha ina fata a ƙara haɗa sashen mata da sashen gashin ƙashi ta yadda wadda aka gano tana da endo za ta fita da takardar magani a hannu ɗaya da ta ganin likitan fisiyo a ɗaya hannun, hukumar inshorar lafiya ta jiha PLASCHEMA da ta tarayya NHIA su tabbatar wannan yana cikin abun da suke biya. Kai kuma Malam Edita, watan Maris shi ne watan wayar da kai kan endo a duniya, don Allah idan ya zagayo a ware shafi guda a gayyato likitan mata da likitar fisiyo mace su amsa tambayoyin masu karatu da Hausa, a kuma ba mata damar turo tambaya ba tare da an buga sunansu ba, don da yawa ba za su rubuto ba in sun san dangin miji za su gani.

Na gode da wannan fili, Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya na gida da na asibiti.

Taku mai bibiyar jaridarku kullum,
daga Anguwan Rogo, Jos.